Inna Ta Ce Mu Uku Ne

Sallama gare ku, ku da kuke leƙo wannan shafi kullum kuna jiran shirmena. Yau ku yi haƙuri da ni, babu shirme, don rabon da in yi dariya har cikin raina na manta. Wanda ya shigo yau, sunana Tahira, 'yar Malam Hashimu ta Gidan Kanya, wani ƙauye a gefen Ɗambatta inda gonar wannan take manne da ta wancan, sai da tushen gamba ake gane iyaka. Ina koyar da 'yan aji uku a firamaren garinmu. An sa ranar aurena da Mudassir, ranar Alhamis ɗin nan ake maganar kawo lefe. Sai dai akwai maganar da na ɓoye masa wata uku cur, wadda na san in ta fito da wuya a sauke akwati ko ɗaya a tsakar gidanmu.

Bari in faro muku daga kan Khalilu.

Khalilu ƙanena ne, shi yake bi mini. Shekararsa goma sha tara, dogo, ga ci kamar gara, ga tsokana, ko tuwo kike tuƙawa sai ya zo ya ce kin yi gudaji. A daminar bana yana tsakiyar noma ya yanke jiki ya faɗi. Aka yayyafa masa ruwa ya tashi, aka ce rana ce. Bayan kwana goma ya sake faɗuwa, aka ce iska ce, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Ni na kafe, na yi ta naci har Baba ya gaji ya ce a kai shi Kano. A babban asibiti suka shafa masa wani abu mai yauƙi a ƙirji, suka ɗora na'ura, sai ga zuciyarsa a allo tana motsi muna kallo. Likitar, Dakta Adama, ta ce bangon zuciyarsa ya yi kauri fiye da ƙima. Ta ɗebi jininsa, ta ba shi magani, ta ce kada ya ƙara aikin ƙarfi.

To ku gaya mini, ɗan manomi a tsakiyar damina wa zai zaunar da shi? Bayan sati uku ya faki idon Baba ya saɓi buhun taki daga amalanke zai kai cikin gona. Bai kai ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yau idan na ɗebo kwanukan abinci sai na ga na ɗauko nasa.

Bayan an share makoki Dakta Adama ta kira wayata. Ta ce sakamakon jinin Khalilu ya dawo, ciwon na gado ne, tana son ganin 'yan gida duka. Muka tafi ni da Baba da Inna da autarmu Ummi. Inna ta sa atamfarta mai ruwan ganye wadda ba ta fito da ita sai suna ko biki, ta lulluɓe da farin mayafi.

Likitar mace ce mai haƙuri, Hausa fes a bakinta. Da ta ji yayyen Inna biyu maza sun mutu da ƙuruciya, ɗaya a bakin rijiya ɗaya a hanyar kasuwa, sai ta fara duba Inna. Aka ga kaurin a tata zuciyar ma, ɗan kaɗan. Sai ta jawo farar takarda ta fara zane, mace ta yi mata da'ira, namiji ta yi masa ɗan akwati, tana ja musu layi.

"Inna, abin daga wajenki ya biyo, kuma ba laifin kowa ba ne. Duk ɗan da kika haifa, rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba. 'Ya'ya nawa kika haifa, da masu rai da waɗanda suka rasu?"

Inna ta ƙara jan mayafi, ta dubi ƙasa.

"Uku."

Jama'a, mu huɗu ne.

Akwai Yaya Tasi'u, ɗan farin Inna. Ku 'yan birni da kuke ɗaukar ɗan fari kuna sa shi a hoto kuna kiran sa "my love", ba za ku gane ba. A wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ma nuna ita ta haife shi. Ana yaye Yaya Tasi'u aka miƙa shi riƙo gidan Baffa Nababa, yayan Baba, a Ɗambatta. Shekararsa talatin da uku, ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba, sai dai ta ce "na Ɗambatta". Idan ya zo gaishe ta, ta kan juya masa ƙeya ta amsa a daƙile, in ya tafi kuma ta aika a bi shi da ƙullin daddawa da man shanu. Idan aka tambaye ta 'ya'yanta, daga kaina take fara ƙirga. Haka ta taso ta ga uwarta tana yi, ranar ma haka ta yi, ba da nufin komai ba.

Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya yi gyaran murya. Na san wannan gyaran muryar tun ina rarrafe. Na ja bakina na tsuke.

"Babu wani?" in ji likita, biro a hannu.

"Ai kin ji," in ji Baba.

Aka ɗebi jinina da na Ummi, muka dawo.

Da yamma Baba ya kira ni ƙofar turakarsa. Yana zaune a buzu yana gyaran igiyar shanu, bai ko ɗago ba.

"Na ga bakinki yana motsi a asibiti."

"Baba, Yaya Tasi'u..."

"Uwarki kunya ce ta hana ta. Ni kuwa na ga rufin asiri ne Allah ya kawo mana. Tasi'u ƙato ne, bai taɓa kwana a gadon asibiti ba. In aka kira shi, matarsa ta ji. In matarsa ta ji, wa ya ji?"

Na san amsar. Matar Yaya Tasi'u, Anti Ramlat, yayar Mudassir ce uwa ɗaya uba ɗaya. A gidansu ma Mudassir ya fara ganina, ranar sunan ɗansu na biyu, ina fama da tukunyar shinkafa hayaƙi ya cika mini ido. Hajiya mahaifiyarsu Mudassir kuwa, Allah ya ba ta haƙuri, mace ce mai bincike. Kafin a karɓi maganata sai da ta aika har garin kakannin Inna a tambayo ko akwai kuturta, ko hauka, ko farfaɗiya. Kowa ya san ta taɓa rushe auren yayan Mudassir saboda an ce kakar yarinyar tana faɗuwa.

"Kuma ba ke kaɗai ba ce," in ji Baba. "Ummi tana tafe. In aka ce gidan Hashimu gidan masu faɗuwa ne, wa zai ƙara taka zauren nan? Rai na Allah ne. Ki kama bakinki, ban yafe ba in kika kai maganar nan Ɗambatta."

Kun ji fa. Ban yafe ba.

Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki muka koma karɓar sakamako. Ummi ta fita fes, alhamdu lillahi. Ni kuma likita ta jawo kujerarta kusa da tawa.

"Tahira, kina ɗauke da shi. Amma zuciyarki yanzu lafiya lau take, na duba. Za ki iya aure, za ki iya haihuwa, sai dai duk shekara mu gan ki, kuma in kin samu ciki mu sani da wuri. 'Ya'yanki su ma rabi da rabi ne, za mu duba su. Wanda aka gano da wuri ana iya kare shi, abin tsoron shi ne wanda bai sani ba." Ta duba takardar zanen nan. "Ku uku ne, ko? To mun gama da ɗakinku."

Wannan karon Baba ba ya cikin ofishin. Babu wanda ya yi gyaran murya. Ni da bakina na ce, "Eh."

Ku zage ni, na cancanta. Amma ku bari in gaya muku wane ne Mudassir tukuna.

Yana da shagon iri da maganin feshi a kasuwar Ɗambatta. Ba kyau ne ya dame shi ba, kunnuwansa ma sun ɗan yi fiffike, amma in ya yi magana sai ki ji hankalinki ya kwanta. Duk Juma'a bayan la'asar zai faka mashin ɗinsa a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, cikin shadda ruwan toka da hula zanna, da ledar lemo da ayaba ta Inna. Ranar da aka binne Khalilu shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Da na daina cin abinci, kullum sai ya turo saƙo.

"Malama, kin ci wani abu? In kika ce a'a yanzu zan taho in kai ƙararki wajen hedimasta."

Satin da ya wuce kuma:

"Hajiya ta ce in tambaye ki lambar takalminki. Na ce mata ƙafarki kamar ta agwagwa ce, a sayo mafi faɗi."

"Allah ya isa," na rubuta.

"Ya isar mini ke, ai ya gama mini komai."

Sau nawa na rubuta masa gaskiya na goge? Wallahi ban san adadi ba. In rubuta "akwai maganar da nake so mu yi", in zuba wa rubutun ido, in tuna Hajiya, in tuna Baba, in goge in tura masa "sai da safe". Ina son sa, wannan ce kawai hujjata, kuma na san ba hujja ba ce.

Ranar Asabar da hantsi ina wankin kayan makaranta sai ga saƙon murya daga Anti Ramlat. Na goge hannu a zani na kunna. Tana ta zuba yadda ta saba, anko kaza, ɗinki kaza, telan ya ɓata mata hannun riga. Can wajen ƙarshe ta ce:

"Af, kin ga na manta, Yayanki ma ba ya jin daɗi kwana biyu. Ran Lahadi wai jiri ya ɗebe shi a kasuwa yana ɗora buhu, sai da ya dafa mota. Ya ce ƙirjinsa ne ya riƙe. Na ce shawara ce, na jiƙa masa saiwa yana sha. Kin san shi da taurin kai, gobe ma zai fita, kaka ce hatsi ya shigo. To sai kin ji ni, amarya."

Wayar ta suɓuce ta faɗa cikin kwandon wanki. Jiri. Ƙirji. Buhu. Abin da ya ci Doma ai ba ya barin Awe. Yaya Tasi'u hatsi yake saye yana sayarwa, yana da masu dako, amma shi mutum ne mai son a ce ƙarfi, in mota ta tsaya sai ya tuɓe riga ya shiga cikinsu.

Baba ya tafi gona. Na sami Inna a bayan rumbu tana sheƙar gero. Na durƙusa na kunna mata saƙon, na ƙure murya. Hannunta ya tsaya a sama da ƙwarya, geron yana zuba a ƙasa ba a faifai ba, kaji suka yo kanta ba ta kore su ba.

"Inna, Yaya Tasi'u ne fa. Irin na Khalilu ne."

Ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Inna, don girman Allah ki yi magana. Ɗanki ne. Ke kika haife shi. Ki ce wa Baba wani abu, ni ya ce bai yafe mini ba."

"Ke Tahira, ki kiyaye ni. Yaushe na taɓa tsayawa gaban Malam a kan maganar... a kan na Ɗambatta? Da wane bakin?"

"To mu zuba ido ya faɗi?"

Ta ajiye ƙwaryar. Hawaye yana bin fuskarta, ba ta share ba, ba ta kuma dube ni ba. Sannan ta kunce bakin zaninta ta ciro kuɗin mota a dunƙule ta ajiye a kan faifai.

"Gobe Lahadi, kasuwar Ɗambatta take ci. Kanwata ta ƙare. Ki je ki sayo mini."

Kanwa tana nan rabin tukunya a ɗakinta, ni na sayo ta da hannuna. Na ɗauki kuɗin.

Washegari na sa doguwar riga baƙa da hijabi ruwan ƙasa, ko hoda ban shafa ba. Na ce wa Baba Inna ta aike ni, ya ce in dawo da wuri. A mota an matse mu da wata mata mai kaji biyu a cinya, ni dai ina ta maimaita abin da zan faɗa, ina kuma addu'a Allah ya sa Mudassir yana shagonsa can ɗaya gefen kasuwa. Dabarata ita ce in ja Yaya gefe in roƙe shi ya je Kano a ɓoye, kada ko Anti Ramlat ta ji. Ku ji wauta, kamar ana ɓoye tafiya asibiti ga matar da take wanke maka kaya.

Layin 'yan hatsi ya cika maƙil, buhunan gero da dawa an jibge su sun fi tsayin mutum, ƙura da ƙaiƙayi ko'ina. Na hango Yaya Tasi'u daga shi sai singileti, gumi yana tsiyaya, ya sauke buhu kenan a bayan wata babbar mota. Yana haki, irin hakin da na sani.

"A'a, amarya da kanta! Me ya fito da ke cikin ƙurar nan, ko so kike ki yi baƙi kafin biki?"

"Yaya, magana ce. Mu koma gefe."

Muka zaga bayan tulin buhuna. Duk abin da na shirya ya gudu. Na faɗa masa a hargitse, kaurin zuciya, jinin Khalilu, kawunnanmu biyu, rabi da rabi. Na ce jirin nan ba shawara ba ce. Na ce yaransa biyu ma sai an duba su in an same shi da shi. Yana saurare yana goge wuya da tsumma.

"To in haka ne, me ya sa likitar ba ta kira ni ba?"

"Ba ta san da kai ba."

"Kamar yaya?"

"Ta tambayi Inna 'ya'yanta nawa."

Ya daina goge wuyan.

"Nawa ta ce?"

"Yaya, ka san kunya ce, ka san yadda..."

"Nawa ta ce, Tahira?"

"Uku."

Ya yi wata 'yar dariya wadda gara kuka da ita. Wannan ƙaton mutum, mai 'ya'ya biyu, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Ko a gaban likita," ya ce. "Ko a kan mutuwa." Ya jefar da tsumman. "To ai shi kenan, likita ta gama aikinta. Wanda ba a haifa ba ina zai gaji ciwo?"

Ya juya ya kama kunnen wani buhu zai saɓa. Na riƙe buhun da hannu biyu ina kuka ina cewa ita ta aiko ni, wallahi ita ta ba ni kuɗin mota, amma ko gezau.

"Sauke buhun nan, Yaya."

Ba muryata ba ce. Na waiwaya. Mudassir ne tsaye a ƙarshen layin buhunan, da gorar fura mai sanyi a hannu. Ashe wani ya gaya masa an ga amaryarsa a layin hatsi, ya taho da gudu ya yi mini ba-zata. Ban san tun yaushe yake tsaye ba, amma fuskarsa ta gaya mini ya ji abin da ya isa.

Ya zo ya janye buhun daga hannun Yaya ya yar a ƙasa.

"Gobe da sassafe zan zo da mota, ni zan kai ka Kano. In ka ƙi, Baffa Nababa zan ɗauko maka. Ka je ka zauna a inuwa."

Yaya ya dube shi, ya dube ni, ya ja ƙafa ya tafi ya zauna a kan benci ya haɗa kai da gwiwa. Aka bar ni da Mudassir.

"Ke an gwada ki?"

"An gwada."

"Me ya nuna?"

Na so in ce lafiya lau. Kalmar tana kan harshena, kuma rabinta gaskiya ne. Amma na gaji.

"Ina ɗauke da shi. Likita ta ce zan iya aure, zan iya..."

"Tun yaushe kika san an bar Yaya a baya?"

"Wata uku."

"Wata uku." Ya maimaita a hankali. "Juma'a goma sha biyu ina zuwa ƙofar gidanku. Tahira, da ciwon ne kawai, da ni zan tsaya gaban Hajiya, ko za ta yi shekara ba ta yi mini magana ba. Amma mutumin nan kullum yana ƙarƙashin buhu. Yaran Ramlat kullum suna gudu a tsakar gida. Kina sane, kina turo mini sai da safe."

"Tsoro nake ji kada in rasa ka."

"Na sani."

Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya miƙo mini gorar furar, na karɓa don ban san me zan yi da hannuna ba.

"Yau zan gaya wa Hajiya, da bakina. Ba zan kwana da ita ba."

"Mu fa, Mudassir?"

Ya dubi buhun da ke ƙasa.

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

Ya raka ni tasha, ya tsaya har motar ta cika. Sai da muka wuce gonakin bakin gari na tuna ban sayi kanwar ba.

Jiya Litinin sun je Kano. Anti Ramlat ce ta turo mini, layi ɗaya babu ko gaisuwa: an ga kaurin, an hana shi ɗaukar kaya, an ɗebi jinin yara. Da na karanta wa Inna sai ta shige ɗaki ta sa goshi a ƙasa, ta daɗe ba ta ɗago ba. Baba kuwa tun daren Lahadi da labari ya iso kunnensa bai amsa gaisuwata ba, in na durƙusa sai ya tashi ya bar wurin.

Na kira Mudassir sau biyu, tana shiga ba a ɗauka. Ban ƙara ba, ba ni da bakin ƙarawa.

Yau Talata, jibi ne kawo lefe. Ummi ta zo ɗazu tana tambaya ko a jiƙa shinkafar waina ta 'yan kawo kaya, Inna ta dube ni, ni ma na dube ta. Babu wanda ya aiko daga Ɗambatta ya ce suna tafe, babu kuma wanda ya aiko ya ce an fasa. Inna ta ce a jiƙa.